Rim 16 ko 17 ga Hilux mai shiga daji? Tayoyi biyu na yaga cikin sati uku

Mai Burtsatse: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni sanin mota. Wata biyu ke nan da na sayi Hilux 2013 mai injin fetur 2.7 a Kaduna. Sana'ata haƙar burtsatse, kuma aikinmu na bana yana ƙauyukan Yusufari da Machina, wani lokaci har gefen Nguru. Motar ta zo da rim 20 na aloyi, baƙaƙe masu ƙyalli, tayoyin kuma 265/50R20. Ba zan ɓoye muku ba, su suka fara jan hankalina ranar da na je dubawa.

To cikin sati uku na yaga taya biyu, kuma duka a gefe. Ta farko kututture ne a bakin wata gona. Ta biyu ramin kwalta ne kafin a shiga Gashuwa, har bakin rim ɗin ya tsage. Shekaranjiya kuma yashi ya riƙe ni a hanyar Tulo-Tulo. Na rage iska kamar yadda nake ji ana faɗa, sai na ga rim ya kusa zama a ƙasa, na tsorata na bari. Ƙarshe dai shanun amalanke ne suka ja ni, yaran gari suna ta dariya. Yanzu na yanke zan sauya. Bakanikena ya ce 16, mai sayar da taya ya ce 17. Wanne ya fi, kuma wace lambar taya zan ɗora?

Baba Mai Faci: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya kiyaye gaba. Rim 20 ba na mai neman abinci a daji ba ne, na ɗaurin aure ne. Shekara talatin da wani abu ina cire taya ina mayarwa, kuma duk wanda ya kawo min irin wannan daga ƙauye, gefenta ne a yage. Hudar ƙusa a saman taya ana yi mata faci a ci gaba da tafiya. Yagewar gefe kuwa ba ta da magani, ko wa ya ce maka zai ɗinke ta kuɗinka kawai zai ci. Koma 16 ka huta.

Na Wuse: Haba Baba, kada a zubar wa rim 20 mutunci haka. Prado ɗina a kansa take shekara uku, ina zuwa Kaduna da Jos, ban taɓa yaga taya ba. A kwana motar ba ta lilo, sitiyari yana amsawa nan take. Matsalar tuƙi ce kawai, mutum ya riƙa kallon gabansa.

Bafulatanin Gembu: Oga Na Wuse, kawo Pradon taka ta hau mana daga Mayo Selbe zuwa saman Mambila a watan Agusta, sannan ka bar kwalta ka bi ni rugarmu. In ka dawo da tayoyin nan huɗu lafiya na ba ka ɗan maraƙi.

Shi kuma Mai Burtsatse, in Babarbare ne to ba laifin taya ba ne, bawa ne ya samu mota ba da izinin ubangidansa ba.

Mai Burtsatse: Ji ɗan Fillo! Wanda jiya-jiyan nan ya sauka daga bayan sa shi ne zai koya min mota. Ba ni shawara dai, in ta yi kyau na 'yanta ka.

Injiniya: Bari mu sa lissafi a ciki, don maganar ba ta son rai ba ce. Lambar da ke jikin taya abu uku take faɗa. A 265/50R20, 265 faɗin taya ne da milimita. 50 ɗin tsayin gefen taya ne, amma ba da milimita ba, kashi 50 cikin ɗari na faɗin ne. 20 kuma girman rim ne da inci. Ke nan robar da ke tsakanin bakin rim ɗinka da ƙasa kusan milimita 132 ce.

Yanzu dubi 'yan uwanta. 265/60R18 gefenta milimita 159 ne. 265/65R17 tana da 172. 265/70R16 kuma 185. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, duka huɗun nan tsayinsu daga ƙasa zuwa sama kusan ɗaya ne, tsakanin milimita 773 da 777, wato inci 30 da rabi. Rim 20 bai ɗaga motarka sama da ko yatsa ɗaya ba. Ƙarfe kawai aka ƙara aka rage roba. Robar nan kuwa da iskar da ke cikinta su ne katifar farko kafin duka ya kai ga sifirin da shokozoba. Idan ka faɗa rami, gefen taya yana lanƙwashewa. In gajere ne, sai bakin rim ya matse shi da bakin ramin kamar almakashi. Abin da ya same ka kafin Gashuwa ke nan.

Kuma Na Wuse bai yi ƙarya ba. A kwalta mai kyau gajeren gefe ya fi riƙe kwana, don ba ya murɗewa. Hanyarsa ce daban da taka.

Na Wuse: Na gode Injiniya, ashe dai akwai mai adalci a gidan nan.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, nake tuƙawa tsakanin Damagaram da Tanut da Agadas, a da har Dirku ina zuwa. Mu nan janti 16, wato rim a bakinku, shi ne addininmu, ba ma tattauna shi. Land Cruiser ɗinmu ta ɗaukar kaya da 7.50R16 take zuwa, siririya doguwa, kuma ko a ƙaramin gari in ka tambaya za ka samu ko da tsohuwa ce.

Maganar yashi, malam, ka fara daidai ka tsaya a rabin hanya, amma ba laifinka ba ne, tayar ce ba ta ba ka wuri ba. Mu in za mu shiga rairayi muna saukar da iska zuwa kilo 1.2, wani lokaci har kilo ɗaya in ya yi laushi da rana tsaka. Da awonku na Najeriya wajen 18 ke nan zuwa 15. Idan ka tsuguna ka duba za ka ga tayar ba faɗi take ƙarawa sosai ba, tsawo take yi a ƙasa, ta shimfiɗe gaba da baya kamar tafin raƙumi. Wannan shimfiɗar ce ke ɗauke da mota a kan yashi. Taya mai gajeren gefe ba ta da abin da za ta shimfiɗa. Sai dai a kula, in iska ta yi ƙasa ba a gudu kuma ba a karya kwana da ƙarfi, don taya tana iya sulluɓewa daga bakin janti. Da ka hau ƙasa mai tauri ka mayar da iskarka. Ka sayi ɗan famfon da ake haɗawa da batir, ya fi maka rediyon motar amfani.

Baba Mai Faci: Allah ya yi maka albarka ɗan Damagaram. Amma ka faɗa masa gaskiya game da rim mai zobe da kuke sa wa 7.50 ɗin nan. Yana da daɗin cirewa a daji da ƙarfe biyu da guduma, to amma in zoben bai zauna daidai ba aka ba shi iska, yana tashi kamar harsashi. Ni in ina hura irinsa kife shi nake yi, zoben ya kalli ƙasa, kuma na kori yara daga wajen. Kada ya je ya nemo shi don Hilux.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne Baba. Kuma mai tub ne, in ka rage iska yashi na shiga ta zoben ya riƙa cin tub ɗin. Mu ma matasanmu sun fara komawa janti marar tub.

Mai Burtsatse: To ke nan 16 ya ci zaɓe? Gobe in aika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a nemo min?

Injiniya: Dakata tukuna. Ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda a manne da ke nuna lambar tayar da kamfani ya sa da yawan iskarta. Me aka rubuta?

Mai Burtsatse: Na duba yanzu da fitilar waya. 265/65R17 ne.

Injiniya: Shi ya sa na ce ka dakata. Rim ba taya kaɗai yake ɗauka ba, a cikinsa birki yake zaune. Faifan birkin gaba da ƙarfen da ke matse shi, wanda bakanike ke kira kalifa, dole su samu wurin juyawa. Hilux na shekarun 2005 zuwa 2015 ba birki iri ɗaya suke da shi ba. Akwai waɗanda suka fito da rim 15 ko 16, akwai waɗanda aka ƙara wa faifai girma aka ba su 17. Tunda taka 17 aka rubuta, akwai yiwuwar 16 ya taɓa kalifa. Wani 16 ɗin na ƙarfe yana wucewa, wani ba ya wucewa, ya danganta da yadda aka lanƙwasa cikinsa. Kada ka biya kuɗi sai an ɗora guda ɗaya a ƙafar gaba, an ɗaure noti, an juya da hannu kana kallo. A gaba fa, ba baya ba, don bayan Hilux ganga ce, komai yana shiga.

Kuma in wani ya ce maka zai ɗan goge kalifa da injin gurza ƙarfe don rim ya shiga, ka ɗauki motarka ka gudu.

Bafulatanin Gembu: Ni nawa ra'ayin, ko 16 ko 17, na ƙarfe za ka saya. Bara na daki dutse a gangaren Nguroje, bakin rim ya lotsa, iska ta fita fuu. Na cire, na kwantar da shi a kan wani falalen dutse, na yi ta bugu da guduma har ya koma, muka hura da famfon ƙafa muka isa gida. Da aloyi ne da tsagewa zai yi, sai dai in kwana a wurin da sanyin Mambila. Ƙarfe ya fi nauyi kuma ba shi da kyan gani, amma shanu ba sa kallon rim.

Taya kuma ni mai manyan haƙora nake sawa, wadda aka rubuta M/T, don jar lakarmu in ta cika zanen taya sai ka ga mota tana rawa kamar sabulu.

Ɗan Damagaram: A'a malam Fulani, kada ka ba shi M/T. Taku laka ce, tasa yashi. Manyan haƙora a rairayi haƙa suke yi, mota ta binne kanta har ciki. A/T, mai matsakaitan haƙora da ke bin kwalta da daji, ta ishe shi. Mu nan tsohuwar taya da ta fara suɗewa ma ta fi sabuwar M/T tafiya a tudun yashi.

Bafulatanin Gembu: Na yarda. Ai dama mai haƙar rijiya ne, kada motar ma ta koyi sana'ar.

Hajiya Mai Riɗi: Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa baki, don na taɓa ɗebo da zafi. Ina da L200 da ke ɗauko min riɗi daga kasuwannin Maigatari da Gumel. Direbana ya samo rim huɗu na Hilux da araha, ya ce ai huji shida ne duk ɗaya. Sun shiga, amma da an kai gudu 80 sai sitiyari ya kama karkarwa. Muka yi balansin har sau uku a banza. Daga baya wani dattijon bakanike ya nuna min ramin tsakiyar rim ɗin ya fi cibiyar ƙafar motata faɗi nesa ba kusa ba, notuna ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma notunan ma ba nasa ba ne. Araha dai ba ta ado. Malam Mai Burtsatse, ka je da kanka, kada ka yi aike.

Injiniya: Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Hilux da Prado da L200 duk huji shida ne a kan da'irar milimita 139.7, amma ramin tsakiya na Toyota 106 ne, na L200 kuma 67. Shi ya sa na Hilux ke shiga L200 ya yi sako-sako, na L200 kuma ba ya shiga Hilux sam. Navara ta 2005 zuwa sama huji shida ce ita ma, amma a kan 114.3, ba ta haɗuwa da su. Land Cruiser 100 da 200 huji biyar ne. Sannan noti: aloyin Toyota na asali noti mai washa yake so, mai shimfiɗaɗɗen gindi, rim na ƙarfe kuma mai tsinin gindi. In ka sauya rim ka tambayi notinsa.

Abu na ƙarshe, yadda rim ke zama ciki ko waje. Waɗanda ke turo taya waje da bodi suna burge yara, amma suna cin boris ɗin ƙafa, suna watsa wa ƙofa tsakuwa, kuma taya na gugar madigadi in an karya sitiyari. Nemi wanda ya yi kusa da na kamfani, faɗinsa inci 7 ko 7 da rabi.

Na Wuse: Tunda dai an ƙi nawa, to ya yi abin gaba ɗaya mana. Ya sa 285/70R17, motar ta tashi sama ta yi kwarjini. Na ga wata a Apo, kamar ta sojoji.

Injiniya: Oga kai dai kullum ido kake yi wa sayayya. 285/70R17 tsayinta kusan milimita 831 ne, ta kamfani 776. Bambancin 55 ne, amma rabinsa kawai mota ke tashi, wato milimita 27, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Me zai biya a kan wannan? Tayar ta fi ta asali da kashi 7 cikin ɗari, don haka in maleji ya nuna 100 yana kan 107 ne. Giya ta ɗaya za ta zama kamar an ɗan ja ta sama, injin 2.7 na fetur kuwa dama ba gwanin ja daga ƙasa ba ne. Da lodin bututu a yashi kuloci ne zai sha wahala, mai ya ƙaru, birki ya ƙara nisa. Kuma sai an ɗaga motar ko an yanke wani abu kafin ta daina guga.

In yana son ƙari kaɗan, 265/70R17 ce matsakaiciya. Tsayinta 803, motar ta tashi da milimita 13, maleji ya yi ƙaryar kashi 3 da ɗoriya. Abin daɗin shi ne gefenta milimita 185 ne, daidai da na 265/70R16 da Baba yake so. Ka ga ya samu robar 16 a kan rim 17. Ita ma a wasu motocin tana ɗan taɓa robar madigadi in an karya sitiyari har ƙarshe, sai a gwada.

Baba Mai Faci: To Injiniya, na ji lissafinka, kuma ban ƙi ba. Amma akwai abin da biro ba ya gani. Ranar da taya ta fashe masa a bayan Machina da la'asar, wace lamba zai samu a rumfar mai faci? 16 ya cika ƙasar nan saboda motocin haya da na hukuma da suka tsufa aka sayar. 17 ma yanzu ya yawaita, 265/65 ɗin nan kusan ko'ina akwai ta, don ita ce a ƙafar Hilux da Prado. Amma 265/70R17 sai babban gari. In zai sa ta, ya sayi biyar, har shida in da hali.

Tun da Michelin suka rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma suka daina yi a Ikeja a shekarar da ta biyo, kusan duk tayar mota da ke ƙasar nan daga waje take. Abin da 'yan kasuwa suka ga yana tafiya shi suke kawowa. Kai ma bi abin da ke tafiya.

Ɗan Damagaram: Maganar Baba dutse ce. Kuma safaya ta zama lamba ɗaya da sauran. In ka sa ogzilari, wato giyar ja da ƙafa huɗu, da taya ɗaya gajera, ƙafafun gaba da na baya ba sa juyawa daidai, giyar tsakiya ce ke shan murɗa. A yashi ba za ka ji ba, a ƙasa mai tauri za ka ji mota tana ɗaurewa.

Mai Burtsatse: Kai, wannan ya tuna min. Safayar da ke ƙarƙashin motar ban taɓa sauke ta ba sai ranar kututturen nan. Ashe ta asali ce, 17, a kan rim na ƙarfe, duk ta tsattsage don tsufa.

Hajiya Mai Riɗi: Ka ga irinta ko. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan inda aka rubuta DOT. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a sati na 23 na 2019. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke ƙirgawa, kuma suna dubawa a hanya. Ni na daina sayen taya 'yar kwatano tun da wata ta yi mana ƙululu kwana tara da sawa, zanenta kuwa kamar sabuwa. Zafin hanyar Gumel a watan Afrilu ba ya raga wa tsohuwar roba.

Injiniya: Saura nauyi, tunda kaya kake ɗauka. Bayan lambar girma akwai wata kamar 112S ko 112T. 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120. Waɗanda aka rubuta LT a gabansu, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, masu 121/118, suna kai kilo 1,450 kuma jikinsu ya fi kauri, ƙaya da kututture ba sa shigarsu da sauƙi. Za ka ji motar ta ɗan yi tauri in babu kaya, kuma suna son iska fiye da na takardar ƙofa idan an yi lodi. Ga mai ɗaukar siminti da duro-duron gas, ni LT zan ce. Amma fa tayar LT ba ta ƙara wa sifirin da aksul ƙarfi, kada ka ce an ba ka lasisin lodin tirela.

Baba Mai Faci: Kuma ka sayi geji naka na kanka. Yaranmu da yawa 50 suke dankara wa kowace taya, ko Keke ce ko tifa, wai don kada mai mota ya dawo ya ce ta yi laushi. Taya mai iska 50 a kan burji mai gargada tsalle take yi, kuma ita ce dutse ya fi saurin hudawa.

Mai Burtsatse: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya na shiga Kano da kaina kamar yadda Hajiya ta ce. Muka ɗora rim 16 na ƙarfe a ƙafar gaba, tun kafin a gama ɗaure noti ya zauna a kan kalifa, ko motsi ba ya yi. Muka gwada wani iri, shi yana juyawa amma katin waya ma da ƙyar yake shiga tsakaninsu. Mai shagon ya ce a sa sifesa, ƙarfen da ke turo rim waje, na tuna maganar boris na ce a'a. Na ɗauki 17 na ƙarfe guda huɗu irin na safayata, da notunansu. Taya kuma na daɗe ina jujjuya 265/70 ɗin Injiniya, har an ɗora ɗaya, ta yi kyau ƙwarai. Sai na tambayi shaguna uku a layin, ɗaya ne kawai ke da ita. Na tuna rumfar mai faci ta Machina, na ce a ba ni 265/65R17 A/T mai LT guda biyar, duka na bara. Na haɗa da geji da famfon batir. Aljihu ya yi kuka, amma daga Hadeja zuwa Nguru na ji kamar an sauya min kujera. Ranar Asabar zan koma Tulo-Tulo, in Allah ya yarda shanun nan ba za su sake ganina ba.

Bafulatanin Gembu: Ka gaishe min da su duk da haka, 'yan uwana ne, kuma su suka fitar da kai kunya.

Na Wuse: Malam Mai Burtsatse, baƙaƙen nan guda uku da ba su tsage ba, suna nan? Huji shida ne ai, za su shiga Prado. Turo min hotonsu ta akwatin sirri mu yi magana.